Baƙo Ma Yana Dasa Itace: Jawabi Ga Jama'ar Arewa Mazauna Abakpa Nike

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka karanta wa shugabannin jama'ar Arewa mazauna Abakpa Nike a Inugu, tare da wakilan 'yan'uwansu na Anaca da Fatakwal. An buga shi a nan don amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Sarakunan Hausawa, limamai, shugabannin kasuwa da na sana'o'i, iyaye mata, dattawa da samari, Allah ya ƙara girma, ya saka wa kowa da alheri saboda barin harkarsa da ya yi ya zo wannan wuri.

Bayan haka, maganar da ta tara jama'a yau ita ce maganar aikin gayya. Kowane mutumin Arewa ya san gayya tun yana yaro. In noma ya fi ƙarfin mutum, ko jinkar ɗakinsa ta zube, ko hanyar gari ta lalace, sai a yi shela, maƙwabta su fito da fartanya da kwando, makaɗa su biyo su, uwargida ta dama fura, kafin azahar an gama abin da mutum ɗaya zai yi wata guda bai gama ba. Ba a biyan kowa ko anini. To, abin tambaya shi ne, me ya sa wannan kyakkyawar al'ada takan tsaya a bakin gadar Makurɗi ko ta Lakwaja, ba ta ƙetarowa Kudu tare da masu ita?

Amsar da akan bayar ita ce, baƙo raɓa ne, in bai tafi da safe ba ya tafi da yamma, saboda haka ba ruwansa da gyaran garin mutane. Wannan magana tana da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayanta ba. Tun da aka gano kwal a tuddan Udi cikin 1909, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Fatakwal cikin 1916, mutanen Arewa suke zuwa Inugu fatauci da neman abinci. Cikin shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma mutanen garin ne suka ɗora shi bisa wannan kujera. Yau akwai magidanta a Abakpa Nike da aka yanke wa cibiya a nan, 'ya'yansu kuma a nan suke makaranta. Raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba, ai ta tashi daga raɓa. Iskar da ɗan gari ke shaƙa ita baƙo ke shaƙa, in kuwa ruwa ya yi gyara ba ya tambayar wane yare ake yi a cikin gida kafin ya shiga.

HALIN DA GARURUWAN KE CIKI

Inugu gari ne da ke kwance gindin tuddai, ƙasarsa ja ce mai rairayi, ba ta da ƙarfin riƙe kanta in babu saiwa a cikinta. Ruwan saman da ake samu a shekara kuwa ya ninka na Kano. Da aka sare itatuwan gangare don gini da makamashi, aka shafe tsakar gidaje da siminti, sai ruwan da dā yake nutsewa ƙasa ya rasa mashiga, ya riƙa gangarowa da gudu yana yaƙushe ƙasa. Abin da ya fara kamar 'yar kwata sai ya zama kwazazzabo mai cinye gida da hanya. Duk wanda ya taɓa ganin kwazazzaban Agulu da Nanka a Jihar Anambra ya san iyakar ɓarnar zaizayar ƙasa. Kogin Ekulu, wanda ake ƙetarewa in za a shiga Abakpa, yana ɗauke da ruwan da ke tsiyayowa daga tsofaffin ramukan kwal na Onyeama, sa'an nan ga shara da leda da ake zuba masa ba dare ba rana. Alhali kuwa garin nan yana fama da ƙarancin ruwan sha, kamar yadda 'yan ga-ruwa suka fi kowa sani.

A Anaca kuwa, cikin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙididdiga wadda ta nuna cewa ƙurar da ke cikin iskar garin ta kai wajen ninki 30 na abin da hukumar ta ce jikin ɗan Adam zai iya ɗauka. Har ila yau ambaliyar kogin Kwara ta 2012 da ta 2022 ta shanye ƙauyuka da unguwanni a kewayen garin, musamman ƙasar Ogbaru. A ta 2022 kaɗai Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar mutuwar mutum fiye da 600 a faɗin ƙasa, fiye da miliyan ɗaya kuma suka rasa matsuguni.

Fatakwal dā ana yi mata kirari da birnin lambu saboda yawan itatuwa da filayenta. Daga ƙarshen 2016 sai mazauna garin suka fara wayar gari da baƙin toka a kan gado da tufafi da cikin hancin yara. Babban dalilinsa shi ne dafa ɗanyen mai ta haramtacciyar hanya a cikin fadamu, da ƙone man da aka kama, amma ƙone tayoyi ma yana da nasa kason, har da wanda ake yi a mayanka don babbake ganda. Wannan kuwa magana ce da ta shafi mahautan Arewa kai tsaye, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙarin. Cikin 2012 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 don shirin yaƙi da zaizayar ƙasa da ake kira NEWMAP, wanda ya fara da jihohi bakwai, cikinsu har da Inugu da Anambra. An gina manyan magudanai, an cike kwazazzabai da dama. Amma fa injiniya yakan gama aikinsa ya tafi. Wanda zai hana a cika magudanar da shara, ya kuma raini ciyawa da itatuwan da aka dasa a bakinta, shi ne mutumin unguwa.

RAYA DAJI A CIKIN BIRNI

A ƙasashe da yawa yanzu masana sun koma ga wata dabara, watau a bar wa daji ɗan wuri a cikin birni. Ma'anarta ita ce a keɓe bakin rafi, da gangaren tudu, da fadama, da kangon fili, a bar itatuwa da ciyayin asali na wurin su komo, tsuntsaye da kifi da ƙudan zuma su biyo bayansu. Amfanin a bayyane yake. Saiwa tana ɗaure ƙasa, ganye yana karya ƙarfin ɗigon ruwa kafin ya sauka, ƙasar da ke da ciyawa tana shan ruwa ta ajiye wa rijiyoyi, inuwa tana rage zafin gari, ganye kuma yana tare ƙura.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kowane tsohon gari a Arewa yana da hurumi, filin da ba a nomawa ba a ginawa, an bar shi don amfanin kowa da kowa. Akwai burtali don dabbobi, akwai kurmi da ba a sa masa gatari, akwai kududdufai masu karɓar ruwan damina. Mutanen Kano sun ga abin da ya biyo baya da aka cike kududdufan birni aka yi gini a kansu: ruwan da ya rasa gidansa sai ya shiga gidajen mutane.

Akwai misalai na kusa da na nesa. A Ikko, ƙungiyar kare halittu ta Nijeriya, watau NCF, wadda Cif S. L. Edu ya kafa cikin 1980, ta keɓe kadada 78 a Lekki cikin 1990. Yau gine-gine sun kewaye wurin ta kowane gefe, amma a cikinsa birai da kadoji da tsuntsaye suna nan, 'yan makaranta kuma suna zuwa kallo. A Kenya, Wangari Maathai ta fara tara matan karkara suna dashen itace cikin 1977. Da aka so a yanka dajin Karura na birnin Nairobi a raba wa manya, ta tsaya tsayin daka, har 'yan banga suka fasa mata kai cikin Janairun 1999. Dajin ya tsira, ita kuma ta sami kyautar Nobel cikin 2004, sa'an nan daga 2009 mutanen unguwannin kewaye suka haɗa kai da ma'aikatan gandun daji suna kula da shi. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu kuwa, tsakanin 2003 da 2005, hukuma ta rushe wata babbar hanyar mota da aka gina bisa wani rafi, ta mai da rafin sarari, kifi da tsuntsaye suka komo tsakiyar birni.

DARASIN MARAƊI

Amma misalin da ya fi dacewa da wannan taro daga ƙasar Hausa ya fito. Bayan farin 1973 da yunwar da ta biyo shi, ƙasar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashe, amma yawancin abin da aka dasa ya mutu. Cikin 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu kuwa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da aka fito da ita ba ta bukatar ko kwabo: manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi daga kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga wuta da dabba. Manoma suka sa mata suna sassabin zamani. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada, daga nan maƙwabci ya riƙa koya daga maƙwabci. Bayan kamar shekara ashirin, masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a kan kadada wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, gawo ne kan gaba a cikinsu. Cikin 2018 aka ba Rinaudo wata babbar kyauta ta duniya tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Abin lura a nan shi ne, talakawa ne suka yi wannan aiki da wuƙa da lauje, a ƙasar da ruwanta bai kai rabin na Inugu ba. A bakin Ekulu da gangaren tuddan garin nan kututture da iri suna nan jibge cikin ƙasa. Sau da yawa abin da wurin ke bukata shi ne a kwashe masa shara, a daina cinna masa wuta, a hana akuya, shi ke nan sai ya farfaɗo da kansa.

HATTARA DA ƘASAR MUTANE

To, a nan ne ake bukatar hankalin dattawa, gama aikin alheri in an yi shi ba bisa ƙa'ida ba yakan zama fitina. A al'adar ƙasar Ibo, kamar sauran wurare da yawa na Kudu, dasa itace mai daɗewa a fili alama ce ta mallaka. Wanda aka ba aron fili yana iya shuka rogo ko masara, amma ba ya dasa kwakwar manja ko goro sai da yardar mai ƙasa. Itacen aduruku, wanda Ibo ke kira ogirisi, da shi ake shata iyaka, ana kuma dasa shi a wuraren da suke girmamawa. In aka wayi gari aka ga baƙi sun jera shi a bakin rafi, ba za a ce gyara suka zo yi ba, cewa za a yi ƙasa suke nema. Bugu da ƙari, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamnan jiha. Kowa kuma ya san yadda maganar fili da kiwo ta yi zafi, har jihohin Kudu da dama, cikinsu har da Inugu da Ribas, suka kafa dokar hana kiwon sake cikin 2021.

Saboda haka kada a kafa ko tsinke sai an bi ta ƙofa. Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa su je gaisuwa wurin Igwe da dattawan Nike, su kuma sanar da ƙaramar hukumar Inugu ta Gabas da ma'aikatar da ke kula da gandun daji. A faɗi a fili, a kuma rubuta a takarda, cewa itacen da aka dasa na gari ne, wanda ya dasa ba shi da haƙƙin ko taku ɗaya na ƙasar. Mafi kyau ma a yi aikin tare da ƙungiyoyin samarin gari da na coci-coci da makarantu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka kuma a girmama abin da masu gari suka hana taɓawa. A ƙasar Idemili kusa da Anaca ba a kashe mesa. A Akpugoeze ta Jihar Inugu da Lagwa ta Jihar Imo ba a kashe wani irin biri wanda duk duniya ba a samunsa sai a kudancin Nijeriya, kuma wannan hani na gargajiya shi ne ya sa irinsa ya tsira a waɗannan garuruwa. Ba a ce baƙo ya ɗauki aƙidar kowa ba. An dai ce in ya ga irin waɗannan dabbobi ya kame hannunsa ya kira 'yan gari, gama kashe mesa ɗaya yana iya ta da rigimar da za ta ci dukiyar mutum ɗari.

INA UNGULU TA TAFI?

Tsofaffin mahauta za su ba da shaida cewa dā ba a raba mayanka da ungulu. Yau sai mutum ya yi shekara bai ga ko ɗaya ba. Cikin 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ungulun nan da aka saba gani a cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Daga cikin dalilan akwai guba, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai, da kuma cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta don tsubbu, cinikin da wasu 'yan Arewa ke da hannu a ciki. Ungulu kuwa duba-gari ce wadda ba ta karɓar albashi, tana cinye mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. A Indiya, inda wani maganin shanu ya hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayen ƙasar kafin a hana shi cikin 2006, karnukan sake sun yawaita a kan mushe, ciwon haukan kare kuma ya ƙaru. Nijeriya tana da dokar kare namun daji masu ƙarewa tun 1985, an kuma ƙara tsananta hukuncinta cikin 2016. Wajibi ne shugabannin kasuwa su gargaɗi mutanensu, tun kafin hukuma ta yi musu gargaɗin da ba shi da daɗi.

RABON AIKI

Gayya ba ta yiwuwa sai kowa ya san kunyar da zai nome. Ga shawarar da ake kawowa gaban dattawa.

Na farko, kowace unguwa ta zaɓi wuri ɗaya tak, ƙarami, kamar bakin rafi tsawon taku ɗari biyu, ko harabar makaranta, ko gefen kasuwa. Gara a riƙe kaɗan ya rayu da a ɗauki da yawa ya mutu.

Na biyu, a tsai da rana. Jama'a sun san tsabtar gari ta Asabar ɗin ƙarshen wata tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da 1985. Irin wannan safiya ta isa, daga bayan asuba zuwa hantsi, kafin kasuwa ta ci.

Na uku, a san abin da za a dasa. Ba kowane itacen Arewa ke son ƙasar nan ba, kuma manufar ita ce a mai da na asalin wurin. A nemi shawarar malaman daji da tsofaffin gari a kan irin su agwaluma, da namijin goro, da loko, da maɗaci. A bakin kwazazzabo kuwa ciyawar jema da gora sun fi kome riƙe ƙasa, gama saiwar jema tana nutsawa ƙasa sosai kamar raga. Yazawa ma an daɗe ana dasa ta a tuddan ƙasar nan saboda zaizaya. Lokacin dashe shi ne farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, don saiwa ta kama kafin rani.

Na huɗu, kowace sana'a ta kawo abin da take da shi. Masu shanu da masu awaki su ba da taki, su kuma tsare dabbobinsu daga wurin dashe. 'Yan ga-ruwa su yi sadakar garwa ɗaya ko biyu a mako daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙananan itatuwa suka fi mutuwa. Masu gadi su sa ido da dare. 'Yan gwangwan su taimaka wajen raba leda da roba da ƙarfe daga sharar da aka kwaso. Masu tsire da masu shayi su daina sayen ɗanyen itacen da aka saro daga bakin rafi. Mahauta su bar babbaka da taya, su koma ga itace busasshe ko gas, don lafiyar ƙirjinsu da ta masu cin naman. Iyaye mata su raini iri a cikin tsofaffin gwangwanaye da ledar ruwa a tsakar gida. Malaman Islamiyya kuma su ba kowane aji itatuwansa, yara su riƙa ba su ruwa, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyar, a naɗa mutum ɗaya mai riƙe littafi, ya rubuta abin da aka dasa da ranar da aka dasa. Bayan shekara a ƙirga waɗanda suka rayu, a karanta wa jama'a. An sha ganin bikin dashen itace inda manya ke zuwa a ɗauki hoto, bayan wata uku awaki sun cinye kome. Yawan abin da ya rayu shi ne ma'aunin aiki.

KAMMALAWA

Jama'a, mutumin Arewa a Kudu ya sha jin ana cewa ya zo ne ya kwasa ya tafi, bai bar kome ba sai shara da kashin shanu. Gardama ba ta kashe irin wannan zargi. Amma ranar da mutanen Nike suka fito suka tarar da Hausawa da Fulani da Barebari da Nufawa cikin taɓo har gwiwa, suna kwashe sharar Ekulu kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yansu, to, ranar zance zai sake. Waɗanda suka ga abin da ya faru daga 1966 zuwa 1970 sun san tsadar zaman lafiya, sun kuma san cewa tun kafin ranar tashin hankali ake neman maƙwabcin da zai buɗe wa mutum ƙofa. Malamai kuma sun sha faɗa cewa itacen da mutum ya dasa, duk wanda ya ci 'ya'yansa ko ya sha inuwarsa, mutum ne ko tsuntsu, ladan yana komawa ga mai dashen ko bayan ransa.

Wanda kuma ya yi niyyar komawa gida wata rana, ilmin nan guzuri ne gare shi, gama hamada tana jiransa a Katsina da Sakkwato da Barno, can ma ana neman hannun da ya iya rainon itace.

Ana roƙon sarakuna da shugabannin sana'o'i su zauna a kan wannan shawara, su tsai da ranar zuwa gaisuwa wurin masu gari kafin ruwan farko ya sauka. Allah ya ba da ikon aikatawa, ya zaunar da Nijeriya lafiya, ya albarkaci gari da baƙinsa, amin.